Silimar ranar Lahadi da bashin da yaran Garwa suke bin mu

Ina ɗan shekara 10, a cikin 1979, aka fara kai ni gidan silima, kuma hakan bai yiwu ba sai da aka kwashe kusan wata guda ana kai ruwa rana a zauren gidanmu da ke unguwar Hausare, nan cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Baffana, ƙanin mahaifina, wanda yake ɗinki a babbar kasuwa, shi ne ya ɗauki maganar a kansa. Mahaifina kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa taka ƙofar silima ba, domin a wurinsa duk magidancin da aka gani a layin yankar tikiti ya riga ya zubar da rabin mutuncinsa. Ranar da ya amince ina laɓe a bayan asabari ina sauraronsu. Baffa ya ce, “Yaya, kallon rana ne, yawancinsu yara ne, kuma ƙafata ƙafarsa har mu dawo.” Mahaifina ya yi shiru har na fid da rai, sannan ya ce, “To, Allah ya tsare. Amma kada la'asar ta wuce shi, kuma kada kiran magariba ya same shi a waje.” A kan waɗannan sharuɗɗa biyu na yi shekara huɗu ina zuwa silima duk Lahadin da kuɗi ya samu, kuma Baffa bai taɓa saɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance shi ne, yau a Garwa da Marwa da Ngaundare gidajen silimar da muka sani duk sun rufe, babu inda uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi da rana tsaka, yaron ya zauna cikin sa'o'insa ya yi kallo a bainar jama'a, ya dawo gida kafin rana ta faɗi. Mun saba da rashin har mun daina lissafa shi cikin abubuwan da gari ya rasa, wasunmu ma suna ganin rahama ce Allah ya yi mana. Ni a wurina asara ce, kuma yaranmu ne suke ɗauke da ita. Ina ganin lokaci ya yi da magadan gari da sarakuna da malamai da mu iyaye za mu zauna mu maido da kallon rana na ƙarshen mako, a bisa tsarin da ya dace da addininmu da al'adarmu.

Shirin zuwa silima yakan fara ne tun ranar Litinin. Kuɗin shiga na bencin gaba, yadda nake tunawa, dala ashirin ne, wato sefa 100, kuma ba kuɗi ba ne da yaro zai miƙa hannu a zuba masa. Dala-dala ake tara shi, daga ladan aike, da ladan ɗinka maɓalli a shagon Baffa, da canjin da Inna takan yi kamar ta manta da shi idan na dawo daga niƙa. Baffa yana da halin biya mini, amma ya ƙi, ya ce abin da mutum bai yi gumi a kansa ba ba ya sanin darajarsa. Akwai kuma wani shingen. Lakwal, wato makarantar boko, a rufe take ranar Lahadi, amma makarantar allo a buɗe take, tunda hutunta Alhamis da Juma'a ne, saboda haka sai da Baffa ya je ya durƙusa a gaban Malam ya nema mini izinin darasin yamma. Malam ya yarda da sharaɗin cewa sai na biya karatun safe ba gargada. Ban taɓa haddace allona da ƙwazo irin na safiyar Lahadi ba.

Tun ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, mukan biya ta ƙofar silimar mu tsaya a gaban allon da ake manna hotuna, mu yi ta musu a kan wane ne akta, wane ne bos, wa za a fara kashewa. Wanda ya fi mu Faransanci ya karanta mana sunan fim ɗin, sauran kuma mu ƙarasa da hasashe. Ranar Lahadi, da an idar da azahar, sai ka ga yara suna ɓullowa ta kowace kusurwa, daga Fulɓere, daga Yelwa, daga Lopere, daga Rumde Ajiya, kowa ya damƙe kuɗinsa a tafin hannu har ya jiƙe da gumi. Masu rake da gyaɗa da aya sun yi layi a gindin darbejiya. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san abin da ake nufi da zama awa uku a ƙarƙashin rufin kwano, fankoki suna juya iska mai zafi, amma ban taɓa jin yaro ya ce zai fasa saboda zafi ba.

Da an kashe fitilu sai ɗakin ya ɗauki sowa, sannan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. A ranata ta farko ban kalli allon ba da farko. Juyawa na yi ina kallon wani siririn haske da ya fito daga ƙaramar taga a bango ta baya, ya ratsa ta saman kawunanmu yana faɗi, ƙura da hayaƙi suna rawa a cikinsa, na kasa gane yadda mutane da dawakai za su bi ta cikin wannan haske su sauka a kan farin bango. Sai da Baffa ya kama kaina da hannu biyu ya juyar da ni gaba.

Abin da na fi yawan tunawa yanzu shi ne su wane ne suke zaune a kan bencin nan. Akwai mu 'ya'yan Hausawa, akwai Fulani, da Barebari, da Fali, da Tupuri, da Mundang, akwai 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu, sannan daga 1980, lokacin da yaƙin Njamena ya koro dubban mutane suka tsallako Kuseri, har da yaran Chadi da iyayensu suka gangaro Garwa. Musulmi da Kirista, kafaɗa da kafaɗa. Babu ɗayanmu da yake jin Indiyanci, kuma rubutun da ke ƙasan hoton yakan wuce kafin mu haɗa baƙaƙensa, amma a kowane benci akan samu wani da ya riga ya ga fim ɗin, shi ne tafinta, yana zuba bayani da Fulatanci yana haɗawa da Hausa. Idan bos ya laɓe a bayan ƙofa, ɗaki guda zai miƙe yana yi wa akta ihu ya waiwaya. Idan uwa ta yi kuka a kan ɗanta, za ka ji ana jan hanci a duhu, kowa yana ɓoye wa na kusa da shi. Yaron da na yi kuka tare da shi a kan maraicin wani ɗan Indiya da wuya in fita waje in ce masa arne, shi ma da wuya ya ce mini abin da iyayensa suke ce mana. Ban ce silima ta kashe ƙabilanci a Garwa ba, amma na san abokan da na samu a kan wannan benci, waɗanda ba don shi ba da babu abin da zai haɗa ni da su, tunda ba unguwarmu ɗaya ba, ba wurin ibadarmu ɗaya ba.

Finafinan Indiya sun fi shiga ranmu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikinsu muna ganin kunya, da biyayya ga iyaye, da auren da aka tilasta, da talakan da mai kuɗi ya zalunta, da uwar da ta sha wahala a kan 'ya'yanta, duk abubuwan da muke gani a unguwa. Ko suturarsu ta fi kusa da tamu a kan ta Turawa. Na karate kuwa jini suke motsawa, in an tashi sai ka ga titi ya cika da yara ana ta harba ƙafa a iska har gida. Fim ɗin Indiya yana da wata fa'ida da ta shafi sharaɗin mahaifina: yakan kai kusan awa uku, kuma ana tsayawa a tsakiya. A wannan hutu Baffa yake fita da ni, mu ari buta a wurin mai rake, mu bi sahun wasu da suka shimfiɗa kwali a gindin bishiya, mu yi la'asar, mu nuna wa mai ƙofa rabin tikitinmu mu koma. Idan fim ɗin karate ne, wanda ba shi da hutu, haka nan zai taɓa ni ya ce, “Tashi, ɗana, lokaci ya yi.” Akwai ranar da muka dawo muka tarar an gama faɗan ƙarshe, na yi fushi har gida ban yi masa magana ba. Bai rarrashe ni ba. Cewa ya yi, “Alkawari na ɗaukar wa babanka, kuma saboda alkawarin nan ne za ka dawo mako mai zuwa.”

Finafinan da suke iso mana sun riga sun tsufa. Bruce Lee ya rasu tun 1973, amma mu a 1980 muna kallonsa a matsayin sabon shiga. A cikin gwangwanaye ake kawo zaren fim ɗin, kowane naɗi kamar minti 20, bayan ya gama zagaya Duwala da Yawunde, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan a ɗoro shi a mota. Kafin ya zo mana duk ya karce, hoton yana zubar da layuka kamar ana yayyafi. Wani lokaci zaren ya tsinke, ko ya maƙale a gaban fitilar har ka ga hoton ya narke daga tsakiya, sai ɗakin ya kaure da fito har mai na'ura ya yanke wurin ya liƙa. Guntayen da yake yankewa yana zubarwa a bayan ginin su ne dukiyarmu. Mukan tsince su, mu samo kwali mu huda, mu cire cikin mataccen ƙwan lantarki mu cika shi da ruwa, wani ya tsaya a tsakar gida da madubi yana turo hasken rana cikin ɗaki, sai ga fuskar jarumi a jikin bango, ba ta motsi, amma ga ta nan. Kuɗin shiga marfin kwalba biyu.

A wannan silimar ta kwali kaɗai ƙanwata ta taɓa yin kallo. Ita ce take riƙe mini zanen da muke toshe taga da shi, kuma ita ce take zaunar da ni bayan isha in ba ta labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, in na tsallake wani wuri ta ce ban isa ba. Ba a taɓa ko tayar da maganar a kai ta ba, ni ma a lokacin ban ga wani abu a ciki ba. Ɗiyar Bahaushe a ƙofar silima abin kunya ne da zai bi ta har ɗakin aurenta.

Kuma iyayenmu ba su ƙi silima don jahilci ba, dole in faɗi wannan. Kallon dare wata duniya ce dabam: taba da wiwi, 'yan yankan aljihu, faɗa a kan layi, masu saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada, da matan da ba a son a ga ɗan mutunci kusa da su. Ko a cikinmu yara akwai wanda ya saci kuɗin cefane saboda fim, akwai wanda ya fara da kallon rana ya zarce na dare, daga nan ya bar makaranta. Sannan abin da ake nuna mana ba mu muka zaɓa ba. Shekaru da yawa kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe harkar rarraba finafinai a ƙasashen Afirka rainon Faransa, kuma abin da ya fi araha shi ake turo wa talaka, al'adar da ba ta canza ba ko bayan da harkar ta sauya hannu. A 1976 ɗan ƙasarmu Jean-Pierre Dikongué Pipa ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, amma ni da nake zuwa silima kusan kowane mako ban ji labarinsa ba sai da na girma. Na san titunan Bombai a allo tun ban san yadda Duwala take ba.

Mutuwar gidajen ba ta zo rana ɗaya ba. A farkon shekarun 1970 akwai gidajen silima fiye da 30 a Kamaru, har gwamnati ta kafa asusun tallafa wa harkar fim, FODIC, a 1973. Talabijin ta ƙasa ta fara aiki a 1985, bidiyo ya biyo baya, tattalin arziki kuma ya durƙushe a daidai wannan lokaci. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da mai silima yake sayowa daga waje, daga hayar fim har kayan gyaran na'ura, ya ninka kuɗi, alhali masu kallon aljihunsu ya bushe. A kowane lungu kuma an buɗe gidan kallo, rumfar zana ko shago mai talabijin ɗaya da kasat ɗin sata, a kan kuɗin da bai kai rubu'in tikiti ba. Namu na arewa suka riga rufewa, gine-ginen suka koma shaguna da ɗakunan ajiya da wuraren ibada. A Janairun 2009 ukun da suka rage a ƙasar baki ɗaya, Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, suka rufe cikin 'yan kwanaki.

Da yawa daga cikin dattawanmu sun yi hamdala, suna ganin an toshe ƙofar ɓarna. To, amma kallo bai tsaya ba ko na kwana ɗaya, wurinsa kawai ya sauya, kuma kowane sauyi yana ƙara nisanta shi daga idon manya. Daga ɗaki mai ɗaukar ɗaruruwa, mai ƙofa ɗaya da allon sanarwa a waje wanda kowa zai iya gani, ya koma rumfa mai duhu a bayan layi, inda ba wanda ya san abin da ake sakawa idan dare ya yi. Daga rumfa ya koma aljihu. Kwanakin baya na tashi cikin dare na ga haske yana fitowa daga ƙarƙashin mayafin ƙaramin ɗana, mai shekara 13, wajen ƙarfe biyu. Wayar yayansa ce, da memori da aka cika masa da finafinai a wurin masu turi a kasuwa, kuma shi kansa mai turin bai san rabin abin da ya zuba a ciki ba. Abin da yake kallo a daren ba na batsa ba ne, alhamdulillahi, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shi kaɗai ne, kunnuwansa a toshe, babu Baffan da zai taɓa shi ya ce lokaci ya yi, babu wanda zai tambaye shi gobe me ya gani. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Ga malamanmu, waɗanda nake girmamawa kuma a hannunsu na yi karatu, ina roƙon su dubi wannan lamari da idon yau. Mun ga yadda a 2016 aka fasa gina ƙauyen shirya finafinai da gwamnatin Najeriya ta yi niyyar yi a jihar Kano saboda adawar da aka nuna, kuma na fahimci tsoron da ya haifar da ita. Sai dai finafinan Hausa ba su daina fitowa ba, na Indiya da aka fassara da Hausa kuma suna cikin kowace waya daga Kano har Kuseri. Tambayar ko yaro zai yi kallo ta riga ta wuce mu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne inda zai yi shi, da wanda yake kusa da shi, da abin da za a saka masa. Kallon taro yana da mai gadin da waya ba ta da shi, wato kunya. Abin da ba za a iya haskawa a gaban liman da uwa da malamin makaranta ba, ba za a haska shi a ɗakin da suke zaune ba. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya saba da kallo mai lokacin farawa da lokacin tashi, wanda aka dakatar da shi saboda salla, wanda ya koma gida aka ce ya ba da labari, ya koyi cewa kallo abu ne da ake yi a ajiye. Mu mun koyi jiran mako guda, mun koyi zama awa uku a kan labari ɗaya, mun koyi maimaita shi da bakinmu yadda ake tatsuniya. Duk malamin lakwal da ka tambaya yau zai gaya maka wahalar da yake sha kafin ya riƙe hankalin aji na minti goma.

Maƙwabtanmu na Chadi sun nuna cewa abin da ya mutu yana iya tashi idan hukuma ta so. Gidan silima na Normandie a Njamena ya yi shekaru a rufe bayan yaƙi, amma da Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2010, gwamnati ta fitar da kuɗi aka gyara shi, aka sake buɗewa a farkon 2011 a ƙarƙashin kulawar Issa Serge Coelo. A nan Kamaru kuwa an buɗe gidan silima na Canal Olympia a Yawunde a 2016, da Duwala a 2017, kowanne da kujeru 300 da wutar hasken rana, amma ba a kawo ko ɗaya arewa ba, kuma yaron Hausare ba zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 don ya ga allo ba. Duk wanda yake shakkar cewa mutanen arewa za su taru su yi kallo lafiya, ya tuna da Janairun 2022, lokacin da dubban mutane suka taru a filin ƙwallo na Rumde Ajiya ana gasar cin kofin Afirka, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, maza da mata da yara, aka tashi lafiya.

Ba katafaren gini mai sanyaya ɗaki nake nema ba, domin irin wannan ko an gina shi 'ya'yan manya ne za su shiga. Garwa tana da ƙananan hukumomi uku, kuma dokar raba iko ta 2019 ta ɗora musu nauyin raya al'adu. Akwai gidajen matasa, akwai ɗakunan taro na makarantu da suke kulle daga Asabar zuwa Litinin. Na'urar haska hoto ta yanzu ana ɗaukar ta da hannu ɗaya, farin ƙyalle kowane tela zai ɗinka, batir da faifan hasken rana kuma sun raba mu da fargabar ɗauke wuta. Iyayenmu sun san majigi da ake kawowa dandali, kuma ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta daɗe tana yawo da irin waɗannan kaya a ƙauyukan Nijar da Chadi da Kamaru. A kafa kwamitin unguwa da ya ƙunshi malami, da limamin coci, da malamin lakwal, da iyaye mata, su kalli fim kafin a nuna shi. A fara bayan azahar, a tsaya a yi la'asar, a tashi kafin magariba, a kuma nemi yardar malaman allo yadda Baffa ya nema, da durƙuso, ba da takardar umarni ba. A sa kuɗin shiga kaɗan, kada a yi kyauta, domin a biya masu fim haƙƙinsu a daina ciyar da yara da kayan sata. Kuma a wannan karon mu ne za mu zaɓa. Tun 1990 ake shirya finafinan Hausa a Kano, kuma a cikinsu akwai masu tarbiyya da ma'ana, akwai matasanmu da suke yi da Fulatanci, akwai na Chadi da na kudancin ƙasarmu, akwai na namun dajin Waza da na kogin Binuwai da yaro yake wanka a cikinsa bai san daga ina ya taso ba. Idan ɗan fim na Garwa ya san akwai ɗakuna uku da za su haska aikinsa su biya shi, zai yi aikin da ya dace da ɗakin.

Na san za a ce ga matsalar ruwa, ga azuzuwan da yara suke zama a ƙasa, ga asibiti babu magani, wane ne yake ta silima. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗebi kuɗin rijiya a sayi na'ura ba. Amma kuɗin da ake kashewa a kan rumfuna da riguna a bikin rana ɗaya ya isa ya sayi kayan nan, kuma tarbiyyar yaro ba ta jira sai an gama kwalta. Za a kuma kawo batun tsaro, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Marwa a Yulin 2015, lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bama-bamai a cikin jama'a, ba zai raina wannan magana ba. Sai dai ba mu rufe kasuwa ba, ba mu rufe masallacin Juma'a ba, bincike muka sa a ƙofa. Taron rana a ɗaki mai ƙofa ɗaya, inda 'yan unguwa suka san fuskar kowane yaro, ya fi sauƙin tsarewa a kan rumfunan kallon ƙwallo da suke cike har tsakar dare.

Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne na 'ya'ya mata. A ware musu ɓangarensu, da ƙofarsu in an ga dama, iyaye mata su zauna tare da su, amma kada a sake gina wurin da rabin yaran gari za su tsaya a waje suna jiran a ba su labari. Ƙanwata yanzu tana Marwa, tana da jikoki. Da na je gaishe ta bayan sallar layya na karanta mata abin da na fara rubutawa, na zo wurin kwali da madubi, sai ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta buɗe tsohuwar adakarta, ta fito da wata 'yar ƙaramar gwangwanin alewa, ta zazzage mini guntayen zaren fim guda shida a tafin hannu, duk sun koma ja. Ta ɗaga ɗaya ta saita shi da hasken ƙofa, jikokinta mata biyu suna leƙe ta kafaɗarta, ta ce, “Yaya, har yau ban san ko matar nan ta samu ɗanta ba, kai ma ka ce an fitar da kai salla. In za ku buɗe, ku ajiye mana benci, ni zan kai su da kaina.”